Tambaya da Amsa: Ko Gwamnati Na Rage Haraji Ga Mai Motsa Jiki?

Wasiƙun wannan makon uku ne, dukansu daga Jihar Gombe, kuma duk sun haɗu a kan yadda gwamnati ke amfani da haraji wajen jan hankalin mutane su kula da lafiyar jikinsu. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi, ina zaune a Tudun Wada cikin garin Gombe, shekaruna 47. Bara likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya ɗora ni a kan magani, ya kuma ce lallai in rage tumbi. Tun daga lokacin nake biyan naira 5,000 duk wata a wani gidan motsa jiki, ban da kuɗin takalmi da na ɗan acaɓan da ke kai ni. Ƙanena da ke karatu a Kanada ya ce mini a can gwamnati na rage wa mutum haraji idan yana motsa jiki. Shin gaskiya ne? Ni kuma da ake cire mini haraji tun kafin albashi ya shigo hannuna, akwai hanyar da zan bi a rage mini wani abu? Ai idan na zauna lafiya gwamnati ma ta huta.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba da ikon ɗorewa. Amsar tambayarka ta biyu gajera ce, don haka da ita zan fara. A dokar harajin Najeriya babu inda aka yarda a cire kuɗin gidan motsa jiki, ko na takalmin gudu, ko na keke, daga cikin kuɗin shigar da ake lissafa wa mutum haraji a kai. Ko da ka cika jaka da rasit ka kai ofishin Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Gombe, jami'in da za ka tarar ba shi da hurumin rage maka ko kwabo, domin dokar harajin kuɗin shiga ta tarayya ce. Jiha karɓa kawai take yi, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke da ikon ƙara abu ko cire shi daga jerin abubuwan da ake yi wa rangwame.

Wannan jerin yana nan a sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Abubuwan da ake cirewa kafin a lissafa harajin albashi su ne gudummawar fansho, da ta asusun gidaje na ƙasa, da ta inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin inshorar rai, da kuɗin ruwa na bashin gina gidan da mutum yake zaune a ciki, sai kuma kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida na shekara, muddin abin da za a cire bai wuce naira 500,000 ba. Ka ga ke nan abu ɗaya ne a ciki ya shafi lafiya kai tsaye, wato inshorar lafiya, ita kuwa tana tallafa wa mutum ne bayan ciwo ya zo, ba kafin ya zo ba. Idan ana cire maka kuɗin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wanda aka fi sani da GoHealth, ka ɗauki takardar albashinka ka je wurin akantan ma'aikatarku ya nuna maka a rubuce yadda aka lissafa shi. Idan kuma gidan haya kake, ka tabbata ka bayyana kuɗin hayar, domin wannan rangwamen sai wanda ya nema ya kawo shaida ake ba shi.

Ƙanenka kuma bai yi ƙarya ba, amma labarin da ya ba ka ya ɗan kwana biyu. A shekarar 2007 gwamnatin Kanada, zamanin Firaminista Stephen Harper, ta fito da rangwamen haraji ga iyayen da suka sa 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 16 a wasanni irin su ninƙaya da ƙwallo. Na yara ne, ba na manya ba. Iyaye na iya gabatar da rasit na abin da bai wuce dalar Kanada 500 ba a kan kowane yaro, amma ba dala 500 ɗin ake mayar musu ba, kashi 15 cikin 100 nata ne ke sauka daga harajinsu, wato dala 75 a shekara. A 2014 aka ninka adadin zuwa dala 1,000, sannan gwamnatin Justin Trudeau ta rage shi a 2016, ta soke shi baki ɗaya a 2017, ta karkata ga biyan iyaye kuɗin tallafin yara kai tsaye gwargwadon ƙarfin samunsu. Abin da ya rage a yau na wasu larduna ne, kamar lardin Newfoundland da Labrador wanda ya fito da nasa a 2021, inda iyali ke iya gabatar da rasit na motsa jiki har na dala 2,000. Babban abin da aka soki tsarin tarayyar da shi shi ne, iyalan da suka fi cin moriyarsa su ne masu hali, waɗanda da ma can 'ya'yansu na zuwa wasannin, ko da rangwame ko babu.

A nan ne nake so mu ɗan zauna mu yi lissafi da kuɗinka, domin lissafin ya fi kowane bayani fito da maganar fili. Naira 5,000 sau goma sha biyu ta kama naira 60,000 a shekara. A sabuwar doka, naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba a karɓar komai a kanta, naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, daga nan abin ya riƙa hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. Mu ƙaddara albashinka a matakin kashi 15 ya tsaya, mu kuma ƙaddara gobe majalisa ta amince a riƙa cire kuɗin motsa jiki kamar yadda ake cire na fansho. Abin da zai dawo aljihunka naira 9,000 ne a shekara, wato naira 750 a wata, wadda ba lallai ta biya maka acaɓan zuwa da dawowa na kwana biyu ba. Babban attajirin da ya biya wannan naira 60,000 ɗin dai, shi naira 15,000 za ta dawo masa. Masinjan ofishinku kuwa, idan yana kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ba zai sami ko sisi ba, saboda da ma ba a cire masa harajin albashi, kuma ba a rage wa mutum abin da ba ya biya.

Wannan ita ce matsalar rangwamen haraji a ƙasa irin tamu. Yana buƙatar abu biyu a tare, mutum ya kasance cikin kundin masu biyan harajin kuɗin shiga, sannan motsa jikinsa ya kasance irin wanda ake yanka wa rasit. Ka tsaya bakin titi da safe a Bolari ko Jekadafari ka dubi ɗan garuwa, ya jera jarka goma sha biyu a kura, ya dafa ta da ƙirji yana turawa a kan hawa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, silifas ɗinsa na zamewa a yashi. Kafin azahar ya yi abin da ku masu zuwa gidan motsa jiki ba za ku yi a mako ba. Haka ɗan dako a Tudun Hatsi da buhun masara a kafaɗa, haka manomi a Deba lokacin huɗa, haka matar da ke surfe da daka a ƙauyen Nafada. Babu ɗayansu da ke da rasit, kuma abin da jikinsu ke nema abinci mai gina jiki ne da hutu da asibiti na kusa. Idan aka kafa irin dokar da kake fata, kuɗin da gwamnati za ta yafe daga baitulmalin kowa da kowa zai fita, ya tafi wurin 'yan tsirarun da ke zaune a ofis ƙarƙashin fanka. Ban faɗi haka don in rage maka ƙwarin gwiwa ba, ni ma a kan kujera nake wuni, kuma da an kafa dokar da ina cikin masu kai rasit.

Akwai kuma wata ƙofar da za ta buɗe, wadda duk mai zama a ƙasar nan ya san ta. Rasit shaidar biyan kuɗi ne, ba shaidar zufa ba. Mutum na iya biyan kuɗin shekara a watan Janairu, ya je sau uku, takalmin ya koma ƙarƙashin gado, amma ya karɓi rangwamensa cif. Wani ma ba zai biya ba, zai nemi wanda zai buga masa takardar ne kawai.

Sai maganarka ta ƙarshe, cewa idan ka zauna lafiya gwamnati ma ta huta. A Kanada da Birtaniya wannan magana tana da ƙarfi sosai, domin gwamnati ce ke biyan mafi yawan kuɗin asibiti daga haraji, saboda haka duk wanda ya kuɓuta daga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ya rage mata kashe kuɗi. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Idan hawan jini ya taɓa ƙoda, Allah ya kiyaye, har ta kai ga wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, fili da mota da shanun gida ake sayarwa, 'yan'uwa su yi karo-karo. Don haka wanda ke hutawa idan ka zauna lafiya kai ne da iyalinka, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukuma ba ta jin matsin da zai sa ta biya ka ladan tattaki.

Ba duk dabarun ƙasashen waje ne ke da raunin da muka gani a rangwamen haraji daidai wa daida ba. Birtaniya tun 1999 take da tsarin da ma'aikata ke samun keken zuwa aiki ta hannun wanda ya ɗauke su aiki, a riƙa cire kuɗin daga albashi kafin a lissafa haraji, kuma hikimarsa ita ce ya saka motsa jiki cikin tafiyar da mutum da ma dole ya yi ta kullum. Jamus ta yarda kamfani ya kashe har yuro 600 a shekara a kan kowane ma'aikaci wajen shirye-shiryen kiwon lafiya da hukuma ta tantance, ba tare da an ɗora wa kuɗin haraji ba, amma ba ta sa kuɗin rajistar gidan motsa jiki na yau da kullum a ciki ba. Malesiya ce ta fi kusa da abin da kake nema, domin daga 2024 tana yarda a cire har ringit 1,000 na kayan wasanni da kuɗin gidan motsa jiki. Singafo kuwa ta bar hanyar haraji gaba ɗaya, a 2015 ta fara raba wa jama'a ɗan agogon da ke ƙirga taku, wanda ya yi tafiya ya tara maki, ya canza makin da takardar sayayya. Wannan ta fi burge ni, saboda tana biyan tafiyar da aka yi ne, kuma tana kai wa ga wanda ba ya cikin kundin haraji.

Da za a tambaye ni abin da ya dace da Gombe, sai in ce wanda ke hannun jiha da ƙananan hukumomi ya fi sauƙi, kuma ba ya jiran Abuja. Suna da ikon sassauta kuɗaɗen da su suke ɗorawa, kamar na rajistar wurin sana'a da na fili da na allon talla, ga duk wanda ya buɗe wurin motsa jiki mai rahusa, musamman wanda ya ware lokaci ko ɓangare na mata zalla, domin matar aure mai ciwon suga a cikin gari ita ce ta fi kowa rasa inda za ta je. Suna da ikon hana yanka filayen ƙwallo na unguwa da na makarantu a mayar da su shaguna. Suna da ikon yin gefen titi na masu tafiya a ƙasa, su kuma hana a mamaye shi da tebura da motoci. Wanda ya taɓa fita bayan sallar asuba wajen filin wasa na Pantami ya ga dattawa cikin jallabiya da takalmin kambas suna sassarfa, carbi a hannu, suna kaucewa Keke Napep. Waɗannan ba su jira an rage musu haraji ba, abin da suke buƙata hanya ce mai haske wadda mota ba za ta bi ta kansu ba.

Kai kuma, Malam, ka riƙe abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi, wato minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma mutum na iya magana. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin. Idan gidan motsa jikin ba shi da nisa ƙwarai, ka tafi a ƙasa ka bar acaɓan, abin da za ka adana a wata zai fi naira 750 ɗin da muka lissafa. Kada kuma ka ajiye maganin hawan jinin don ka ga tumbi ya fara sauka, sai da izinin likitan da ya ɗora ka a kai.

TAMBAYA: Ina da ɗan shago a Bajoga, ina sayar da lemon kwalba, ina kuma yin zoɓo da kunun aya a gida ina sawa a firji. An ce gwamnati ta sa wa lemo haraji don mutane su rage shan suga. Shin ni zan biya, kuma zai shafi zoɓona?

AMSA: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Harajin gaskiya ne. Dokar kuɗi ta 2021 ce ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai gas da sauran abubuwan sha masu zaƙi da kamfanoni ke yi, aka fara karɓa a 2022. A masana'anta ake karɓar sa, ba a shago ba, don haka kin riga kin biya shi cikin kuɗin kiret ɗin da kika saro, mai sha kuma ya biya ki. Zoɓon da kika dafa a tukunyarki kika ɗura a gora ba ya cikin abin da ake bi a karɓa, kuma duk wanda ya zo shagonki da sunan karɓar harajin suga ki nemi ya nuna miki takarda.

Wannan shi ne ɗaya gefen maganar da muka yi a sama, maimakon a saka wa mai kula da lafiyarsa da rangwame, sai a tsananta wa abin da ke cutarwa. Sai dai namu ya yi ƙanƙanta. Naira 10 a lita na nufin naira 5 a kan gorar rabin lita, kuma a farashin lemo na yau babu mai sayen da zai ji ta, balle ya fasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar harajin ya kai yadda zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga an rage sha sosai. Meziko ta sa peso ɗaya a lita a 2014, sayen lemo ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, raguwar ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birtaniya ta fi kowa dabara, ta sanar da nata a 2016, ta fara karɓa a 2018, ta kuma ɗaure shi da yawan sugan da ke cikin lemon, sai kamfanoni da dama suka rage sugan tun kafin ranar ta zo don su kauce wa biya. Namu ba ya bambanta mai suga da yawa da mai kaɗan, kuma dokar da ta kafa shi ba ta ware kuɗin don asibitoci ba.

Amma tunda kin ambaci zoɓo, bari in faɗa miki abin da haraji ba zai faɗa miki ba. Gorar lemo ta rabin lita na iya ɗaukar suga kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali goma sha biyu ko sha uku, wanda shi ne kusan iyakar abin da aka so baligi ya sha a wuni guda. Jiki bai san bambancin sugan kamfani da wanda kika zuba da gwangwani a bokitin zoɓo ba. Ki gwada ware 'yan gorori marasa suga ko masu kaɗan, ki ƙara musu citta da kanumfari, ki ɗaura musu zare a wuya don a gane su. Masu ciwon suga a unguwarku sun fi yadda kike zato yawa, kuma su ma ƙishi na kama su a zafin watan Afrilu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne daga Kumo. Na gani a Facebook wai a Japan ana cin tarar duk mai ƙiba, har da ɗauri. Haka ne?

AMSA: Ba haka ba ne, ɗana. Abin da ya faru shi ne, a 2008 Japan ta wajabta a riƙa duba lafiyar mutanen da ke tsakanin shekara 40 zuwa 74 sau ɗaya a shekara, a ciki har da auna ƙugu da tef. Namijin da ya kai santimita 85 ko macen da ta kai 90, idan gwajin jini ko na hawan jini ya nuna wata alama, sai a haɗa shi da mai ba da shawara kan abinci da motsa jiki. Ba a cin tarar mutum, ba a kuma ɗaure shi. Nauyin yana kan asusun inshorar lafiyar da mutum ke ciki, wanda galibi na kamfanin da yake aiki ne, kuma asusun da ya gaza kai adadin mutanen da aka ce ya duba ana iya ƙara masa kuɗin da yake zubawa a asusun kula da lafiyar tsofaffi.